Ɗakuna Bakwai a Bangon Sito

A shekarar da ƙanena ya dawo daga Yamai, abin da na mallaka ba shi da wuyar ƙirgawa: sito ɗaya na fatu a bayan kasuwa, mahauta goma sha huɗu masu kawo mini kaya daga cikin Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa, ƴaƴa mata huɗu, ƙane ɗaya, sai idanu biyu waɗanda na hagu ya riga ya fara yin yana. Zancen idon ban gaya wa kowa ba, ko maiɗakina. Mai sayen fata da idonsa yake cin abinci. Ranar da mahauta suka gane ba ka ganin tsagar wuƙa, daga ranar za su fara kawo maka duk abin da wani ya ƙi. Ina bukatar ido na jinina a siton nan kafin asirina ya tonu, kuma ƙanena kaɗai nake da shi.

Shekara goma sha tara ke tsakaninmu. Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Da keke na fara, ina bin ƙauyuka ina ɗaure fata biyar ko shida a bayan sirdi. Shi kuwa tun yana ƙarami aka ga kansa yana ja, ya yi ta wucewa har jami'a, inda ya kama lissafi ya ƙi saki. Lokacin ne aka buɗe ƙofar jam'iyyu. Kowace mahaɗar hanya da tutarta, kowane mai shayi da jam'iyyarsa, ma'aikata kuwa sai su yi watanni ba albashi. Ɗalibai su fita yaji su koma, malamai su fita. Daga ƙarshe aka ce shekarar duk ba ta shiga ƙirga ba, abin da suke kira farar shekara. Ya sauka a tasha da jaka ɗaya, rabinta takardu.

Na bar shi ya huta kwana uku. Ran na huɗu na kai shi sito.

Aikinmu ba shi da yawan magana. Fatar jar akuya muke saye, busasshiya, mu ware ta kashi huɗu: lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku, sai tulin da muke ce wa shara, wanda majeman gari ke kwasa. Za ka ɗaga fata ka sa ta tsakaninka da hasken ƙofa. Inda wuƙar mai fiɗa ta zarce, wurin zai fi sauran haske. Ka shafa gefen gashi ka ji ko akwai tabon ƙaya ko na ƙazwa. Ka lanƙwasa ta kusa da kunnenka, domin wadda aka shanya a ƙasa cikin rana tana da ƙara irin tata, ba kamar wadda ta bushe a inuwa ba. Ni sai da na shekara ashirin kafin hannuna ya riƙa yanke hukunci da kansa. Ƙanena cikin wata biyu ya fara kama abin da ke wuce ni. Ciniki dai bai iya ba. Ba ya ce wa mahauci a'a sai ya ba shi haƙuri sau uku. Amma idan ya jefa fata a tuli, ko wakilin masu jima na ƙetare, wanda muke aika wa kaya a Kano, bai taɓa fitar da ita ba. Na ce a raina ciniki ni zan koya masa, tunda idon yana nan. Na sa magini ya fara ɗora ɗaki biyu a filina na unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi, ban gaya wa kowa na wane ne ba.

Abu ɗaya ne ya ba ni mamaki. Allin da muke sa wa ɗauri lamba ya riƙa ƙarewa da wuri. Ban san inda yake tafiya ba sai ranar da muka kwashe kayan da ke jingine da bangon baya. Ashe a can ƙanena ke zama da tsakar rana idan aiki ya lafa. Ya zana ɗigo a tsakiya, kibiyoyi shida sun fito daga cikinsa, tsawonsu ɗaya, tazararsu ɗaya, kamar wayoyin ƙafar keke. Kewaye da su ga wasu haruffa, ba na larabci ba, ba na faransanci ba.

Wanda ya fara magana a kai shi ne tsohon mahaucin Tsibiri, wanda ya fi kowa daɗewa yana kawo mini kaya, kuma ya san ubanmu. Mutum ne mai yawan faɗa, amma yana da hali ɗaya da ba na ganinsa wurin sauran: idan ya san fatarsa tana da huda, da kansa yake buɗewa ya nuna maka kafin ka ɗaga. Shi ya sa ya ji zafi ƙwarai a ranar, da ƙanena ya sauke masa fata uku zuwa lamba biyu.

"Alhaji, zo nan," in ji shi, yana nuna bango da sandarsa. "Wane malami ya yi maka wanga hatimi?"

"Wane hatimi, Baba?"

"Kar ka raina mini hankali, na ga ranar sunanka. Tun da aka zana abin ga, fatata ba ta sake kwana a lamba ɗaya ba. Ko dai hatimi ne, ko alamar sabuwar jam'iyya. In jam'iyya ce ka faɗa mini in san wadda zan ƙi."

Mahautan da ke wurin suka yi dariya, amma ba duka ba. Na san irin wannan magana ƙafa gare ta. Kafin ranar kasuwar Tsibiri za a ce ina da asirin da ke rage wa fata kauri. Na kira ƙanena na ce ko ya bayyana wa mutane abin da ya zana, ko ya ɗauko ruwa ya wanke bangon yanzu.

Ya ɗebo fatu bakwai daga shara ya shimfiɗa su a ƙasa yadda zanen yake, shida a kewaye, ɗaya a tsakiya.

"Baba, ba hatimi ba ne, taswirar gida ce. Gida mai ɗaki bakwai. Kowace kibiya da ɗakinta, ga kuma na tsakiya."

"Wa ke kwana ciki?"

"Abubuwan lissafi. Kuma ba su ƙirguwa. Kowane ɗaki, in ka fara fitar da kayan cikinsa, har tashin duniya ba ka gamawa."

"Siton da yayanka ke mafarki ke nan."

"Aiki ɗaya ake yi da su," in ji ƙanena, bai kula dariyar ba. "A ɗauki biyu a haɗa, su ba da na uku. Tambayar ita ce, na ukun a wane ɗaki zai faɗa. In ka ɗauko daga wannan ɗaki da na jikinsa, ba su ba da komai, sifiri. In ka tsallake ɗaki ɗaya, abin da suka bayar a ɗakin da ka tsallake zai faɗa. In kuwa masu fuskantar juna ne, na gabas da na yamma, a tsakiya zai zube."

Tsohon ya daɗe yana kallon fatun. "Maƙwabta ba su haifar da komai, abokan gaba su haɗu a tsakar gida. Ai na ce jam'iyya ce."

A wannan karon kowa ya yi dariya. Ƙanena ya ƙara da cewa kibiyoyin nan saiwoyi ake kiransu, kuma gidan duka wani irin aljebra ne mai ɗauke da sunan Baturen da ya fara shi tun zamanin kakanni. Akwai gidaje masu kibiya goma sha biyu, akwai masu ashirin, akwai fiye. Sannan ya faɗi abin da ya zauna mini a kai har yau. Ya ce abin da ba shi da iyaka ba ka iya tara shi a gabanka ka duba. Amma in ka san ɗakunansa bakwai ne, ka san dokar haɗuwarsu, kuma ɗakunan kewayen nan duk zubinsu ɗaya, to ka san ɗaya ka san shida, ka kama abin ke nan ko da ba ka ga ƙarshensa ba. Wannan na gane shi. Ni ma ban taɓa ganin ƙarshen awakin ƙasar nan ba, amma na san tuli huɗu ne.

Tsohon ya ɗaga fatunsa uku zuwa haske, ya ga tsagar, ya tsine wa wuƙar surukinsa. Da zai fita ya ce a bar zanen, amma a rubuta masa bisimilla a sama.

Bayan la'asar, da mutane suka watse, ƙanena ya gaya mini sauran. Kafin yajin, wani malami daga ƙetare ya zo ya koyar da su wata guda. Ya bar masa kwafin wata takarda ta sabon bincike, ya ce masa: ka zauna da gidan nan mai kibiya shida kai kaɗai, ka duba in mutum ya san zubin ɗaki ɗaya na kewaye, me ya sani game da gidan duka. Ka rubuto mini. In na gamsu zan nema maka gurbi da tallafin karatu.

"Kuma mi ka samu?" na ce.

"Ya san gidan duka, Yaya. Na kusa gama rubutawa."

"Shekara nawa za ka yi can?"

"Huɗu, ko biyar."

"Daga nan?"

"In koyar, in ci gaba da nema."

"Neman mi?"

"Wasu gidajen."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ba na yanke magana a kan kayan da ban ɗaga zuwa haske ba. To, wannan ta ina zan ɗaga shi? Shafi talatin da ɗaya ne, ko juye mini su aka yi ba zan sani ba. Idan aikin shara ne, laifi ne in bar shi ya ɓata ƙuruciyarsa a kai. Idan lamba ɗaya ne, wannan wata magana ce da ba na son in kai gare ta.

Na ari kwafin da ya fara rubutawa na tafi Tsibiri wurin tsohon malamin lissafi da ya koyar da shi a kwaleji, wanda muke kira Mushe, yadda ake kiran malaman boko da faransanci. Kirista ne, ya yi ritaya yana noman gero, kuma kowace Kirsimeti ni yake kawo wa fatar akuyar da ya yanka. Na same shi a gindin bedi, na ajiye masa goro. Ya sa tabarau ya yi kusan rabin awa yana juya shafuka.

"Alhaji, shafi biyu na farko na gane. Na uku na gane haruffan. Daga nan ni da kai ɗaya muke."

"To, Mushe, lamba nawa ce?"

"Ba akuya ba ce."

"Komai da lambarsa."

"Mai iya ba ta lamba ba ya ƙasar ga, in ma yana nan to yana yajin aiki." Ya cire tabarau ya dubi ƙunshin goron, sannan ya dube ni. "Goron nan ya yi wa tambaya ɗaya yawa. So kake in ce shara ce, ka riƙe shi da hujja."

Ban musa ba. Ya miƙo mini takardun, ya riƙe goron.

A lokacin gidan waya ma ba a dogara da shi, yau a buɗe gobe a rufe. Muka shirya cewa direban da ke kai mini ɗauri Kano shi zai tafi da ambulan, ya sa mata tambur, wato kan sarki, a gidan wayar can. Ran Alhamis za a yi lodi. Ƙanena ya gama kwafi mai tsabta, ya liƙe ambulan tun Litinin.

Ran Talata muka tafi Jiratawa ɗaukar kaya, shi ke tuƙa babur, domin na daina yarda da idona a kan kwalta. Mahaucin da muka je wurinsa ya tafi buɗe wa gonarsa ruwa, sai muka zauna jiransa a bakin kanal, magudanar da ke kai wa gonaki ruwa. Ƙanena ya sami kara yana zane a ɗanyar ƙasa, kamar yadda ya saba duk inda ya zauna. Ina kallon masu dashen albasa, sai na lura karan ya daina motsi. Na waiga na ga fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Yaya, akwai huda."

"A ina?"

"A ɗakin tsakiya."

Na ce ya yi mini bayani yadda ya yi wa Baba. Ya ce shi ta hanya ɗaya ya riƙa gane abubuwan da ke ɗakin tsakiya, wato ta abin da suke yi wa na kewaye idan an haɗa su. Ashe akwai waɗanda ba su yi wa kowa komai. Ka haɗa su da duk abin da ka ga dama, sifiri za ka samu. Daga haɗuwar masu fuskantar juna suka fito, suna nan zaune, amma ba a jin motsinsu daga waje. Saboda haka gida biyu na iya zama ɗakunansu shida iri ɗaya sak, alhali wannan yana da masu shirun nan da yawa a tsakiya, wancan ba shi da ko ɗaya.

"Ni kuma na rubuta cewa gidajen ɗaya ne," in ji shi. "Ba ɗaya ba ne."

"Shafi nawa ya lalace?"

"Layi huɗu ne a shafi na ashirin da uku. Amma a kansu ƙarshen ya tsaya."

"Kana iya ɗinke ta kafin Alhamis?"

"Ban ma san girmanta ba."

A sana'armu busasshiyar fata ninki ɗaya ake yi mata, a bi tsakiyar baya, gashi a ciki. Mahaucin da wuƙarsa ta zarce kusa da gadon baya yakan matsar da ninkin da faɗin yatsa ɗaya, tsagar ta kwanta cikin lanƙwasar. Mai saye da ke sauri ba zai buɗe ta sosai ba, haske kuwa ba ya shiga ninki. Mahauta suna yi mana, mu muna yi wa wakili, shi ma ya san ana yi. Ba mu kiransa sata, iya ninki muke ce masa.

"Ka ninke," na ce. "Layi huɗu cikin shafi talatin da ɗaya. Mutumin nan yana da ɗalibai da yawa, ba zai buɗe kowane ninki ba. Ka samu ka shiga tukuna, ka ɗinke a can."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Ni da nake son ya zauna, ga ni ina nuna masa hanyar tafiya. Bakin ɗan kasuwa ne ya riga ni. Na ga kaya mai ɗan aibi, na ga mai saye, sauran ya fito da kansa.

Ya girgiza kai. "Yaya, a fata in huda ta wuce, takalmi ɗaya ne zai lalace. Nan kuwa wani zai zo ya ɗora gini a kai. Kuma na riga na gan ta."

Ran Laraba ya yage ambulan. Ya kewaye layukan nan huɗu da jan biro, ya ƙara rabin shafi, ya karanta mini da Hausa. Ya ce a nan ya yi kuskure. Ya kawo misalin gida biyu da suka saɓa wa maganarsa. Ya ce abin da ya rubuta gaskiya ne kawai idan aka ajiye masu shirun nan gefe, kuma yawan da za su iya kaiwa bai sani ba. Ya liƙe sabuwar ambulan ya ba ni.

Gaskiya, a ranar farin ciki na yi. A wurina wanda ya buɗe ninkinsa ya sauke fatarsa lamba uku da hannunsa. Na ce shi ke nan, za a ƙi shi, kuma ba ni na ƙi shi ba. Na bi ta Zariya na ce wa magini ya sayo kwano.

Ran Alhamis da safe ambulan tana aljihun rigata, ana ta jefa ɗauri cikin mota, ƙanena yana sama yana jerawa. A nan ne wani tunani ya zo ya ɓata mini safiyar. Cikin mahautana goma sha huɗu, mutum ɗaya ne ke buɗe ninkinsa da kansa, tsohon nan na Tsibiri. Kuma ɗaurinsa kaɗai nake iya saye ban ɗaga ba. Yanzu da idona ke tafiya, in an ce in zaɓi ɗaya in bar sha uku, ba zan yi dogon tunani ba. To, malamin can fa? Yana nesa, ba ya ganin mutum, takarda kawai yake gani. A wurinsa kowa makaho ya mayar da shi, in ban da wanda ya kewaye masa hudar da jan biro. Lissafin ban gane shi ba, har yau ban gane ba. Amma na gane cewa na ɗaga kayan zuwa haske, kuma na ga lambarsu.

Daga nan ambulan ta yi nauyi. A shekarun nan komai ɓacewa yake a hanya, tsakanin shingaye da kan iyaka. In na bar ta a aljihu, ba wanda zai tambaye ni, ko shi kansa. Zai jira wata shida, ya daina jira, ya shiga ɗakinsa na Zariya, in nema masa mata, in zauna bakin ƙofa ina ciniki yana ɗaga mini fata. Na ga wannan rayuwar sarai, kuma ba mummuna ba ce.

A tsallaken titi akwai wata fada, wato majalisar samari, kusan duk masu takardar jami'a, suna kewaye da butar shayi tun hantsi. Na san iyayen wasunsu. Na kuma san abin da ke samun fata lamba ɗaya idan ka riƙe ta a sito don kana sonta. Ƙwaro ke shiga. Hodar magani tana jinkirta shi, ba ta hana shi.

Na kira direba gefe na ba shi ambulan. Na ce da hannunsa zai kai, a gabansa za a buga tambur.

"Alhaji, takardar mi ce haka, kake riƙe da ita kamar ta fili?"

"Ta fi ta fili. In ta jiƙe, kar ka dawo ta hanyar ga."

Kada a ɗauka na zama wani mutum a ranar. Cikin ɗaurin da motar nan ta ɗauka akwai ninkina, ban buɗe ko ɗaya ba.

Amsa ta zo bayan wata huɗu, damina ta kusa ƙarewa, ta hannun direban. Ƙanena ya karanta ta a bakin ƙofa inda muke ɗaga fata. Malamin ya ce hudar nan sananniya ce ga masu wannan aiki, manya sun daɗe a kanta, kuma da gangan bai ambata masa ita ba. Ya ce ƙanena ya taho wurinsa.

Saura mako guda ya tashi na gaya masa zancen idona. Na ga bai kamata ya ji a bakin wani ba.

"Na sani, Yaya. Tun makon farko. Kana karkata fata zuwa dama."

"Ba ka ce komai ba."

"Kai ma ba ka ce ba." Sannan ya ce, "Ina iya rubuta wa malamin in ce a ɗaga mini shekara ɗaya."

"Shekara ɗaya ba ta warkar da yana. Tun ranar da na ba direba ambulan magana ta ƙare."

Ya tafi bayan kaka. Ba a yi shekara ba mahauta suka gane. Ban zarge su ba, ninki suka iya, ni ma shi na iya. Da kayana suka fara dawowa daga Kano, sai na daina saye daga waɗanda ba zan iya saye a rufe ba, wasu kuma suka bar ni da kansu. Tsohon Tsibiri ya riƙa zuwa ranakun kasuwa yana zama bakin ƙofa yana ɗaga mini fata, yana zagin wuƙar kowa, har shekarar da ya rasu. An yi mini aikin ido daga baya. Na dama ya tsira, na hagu ya riga ya tafi.

Ƙanena yana koyarwa a wata ƙasa mai sanyi. Yakan zo bayan shekara biyu ko uku, ya kwana a ɗakin Zariya, wanda sauran lokaci babbar ɗiyata da mijinta ke ciki. Zuwansa na ƙarshe na tambaye shi ko ya gama da masu shirun nan na tsakiya. Ya ce a wasu gidajen su ma ba su ƙirguwa, kuma har yanzu a kansu yake. Zanen yana nan a bangon baya da bisimillarsa. Sau biyu aka shafa farar ƙasa, ina sa a kewaye shi.

Ga yadda abin ya tsaya. Cikin mahauta goma sha huɗu, biyar suka rage. Rabin sito na ba mai ajiye wake. Ido ɗaya ya tafi, kuma ba ni da wanda zan bar wa sana'ar, da ni za ta ƙare. Wannan duka asara ce, ba na kiranta da wani suna. A ɗaya gefen abu guda ne kawai: cikin duk abin da ya bi ta hannuna a shekara arba'in, sau ɗaya na riƙe lamba ɗaya wadda nake da ikon ɓoyewa, kuma na aika da ita inda aka san ta. Ta fuskar yawa asarar ta fi. Amma ni aikina bai taɓa zama ƙirga fatu ba, ware su nake yi, kuma a tulin riba na jefa wannan shekarar.